Na gama karatu a Faransa: in dawo Maraɗi ko in zauna in riƙa aiko kuɗi?

Baba, assalamu alaikum. Ni ɗan Maraɗi ne, a Bagalam aka haife ni, shekarata 29. Na yi lisans a jami'armu ta gida da bursun gwamnati, daga baya Allah ya buɗe mini hanya na zo Faransa, na gama mastar a fannin ruwa da noman rani a Monpeliye. Kamfanin da na yi sitaj a wurinsu sun yi mini tayin aiki, kuma abin da za su riƙa ba ni a wata ɗaya ya fi abin da Yaya, malamin lakwal, yake samu a wata shida. Tun ranar da na bar gida niyyata in dawo in yi wa ƙasata aiki. Yanzu gidanmu ya rabu biyu. Inna ba ta da magana a waya sai in dawo: mahaifina ya tsufa, ga yarinyar da aka kai kuɗin gaisuwarta tana jira shekara biyu ke nan. Yaya kuwa cewa yake in na dawo na ƙara baki ne a kan tukunyar da ba ta isar mutum goma sha uku, gara in zauna in riƙa aiko abin cefane da kuɗin lakwal na ƙanne. Zama yana ba ni kunya, dawowa tana ba ni tsoro. Mece ce shawararka?

Ɗanka, daga Monpeliye

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya sa wa karatun albarka, ya ƙara wa mahaifinka lafiya.

Shawarata ita ce ka dawo. Sai dai ba wannan watan ba, kuma ba hannu rabbana ba. Ka karɓi aikin nan, ka yanka masa wa'adi da bakinka, mahaifinka yana ji: shekara biyu, kada ta wuce. A cikinsu ka shirya abin da za ka sauka a kansa.

Bari in fara da Yaya, don na ji alamar haushinsa a wasiƙarka. Kada ka ji haushinsa. Shi yake auna hatsi kowace safiya, shi ake tasa cikin dare in yaro ya yi zazzaɓi, shi mai kanti yake bi bashi. Lissafinsa kuma daidai ne. Yuro ɗaya sefa 655 ne da ɗoriya, saboda haka in ka aiko yuro 200 kawai a wata, jika 131 ke nan sun shigo gida, fiye da ninki uku na mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan, wanda yake jika 42. Mutumin da ke riƙe da gida mai baki goma sha uku ba zai ga wannan ya ce a bar shi ya wuce ba. Sannan ya ga abin da ya samu waɗansu, mu ma mun gani. Akwai samari a unguwannin Zariya da Sabon Gari da Ali Ɗan Sofo na nan Maraɗi da suka dawo da manyan takardu daga Maroko da Aljeriya da Turkiyya, dosiyensu yana kwance a Yamai, su kuma suna fada suna shan shayi daga la'asar har dare. Ba ragwaye ba ne. Sun dawo ne da tunanin akwai biro da kujera suna jiransu. Hanyar aikin gwamnati kuwa ka san ta: sarbis sibik, wato hidimar ƙasa, na shekara biyu da ɗan abin da bai isa hayar ɗaki da abinci ba, sannan jiran konkur, jarrabawar ɗaukar ma'aikata, wanda ba kowace shekara ake buɗe shi a kowane fanni ba. Ayyukan furoje, da a da suke kwashe irinku, sun ragu tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Ofishin jakadancin Faransa a Yamai kuma a rufe yake tun Janairun 2024, don haka in ka tattaro ka taho, ka ɗauka komawa za ta yi wuya. Ina so ka san duk wannan kafin ka sayi tikiti.

To me ya sa duk da haka nake cewa ka dawo? Saboda abin da ka karanta. Da wani fannin ne da ba shi da wurin aiki a nan, da na yi maka wata magana daban. Amma ruwa da noman rani ka karanta, kai kuma ɗan jihar da ƙidayar 2012 ta samu mutum miliyan 3 da dubu 400 a cikinta, yau sun fi haka nesa ba kusa ba, gonakin gado ana ta raba su har wani magidancin bai da kadada ɗaya cikakkiya. Damina wata uku ce zuwa huɗu. Hatsin da aka girbe a gidaje da yawa ba ya kai su bazara, sai samari su kama hanyar Kano da Legas da Agadas da Libiya. Abin da zai riƙe su a gida shi ne aikin rani, aikin rani kuma ruwa ne. Gulbin Maraɗi, da ke fitowa daga Najeriya ya ratsa ta Madarunfa da Tibiri, ba ya kawo ruwa kamar da tun da aka gina madatsar Jibiya. A Jiratawa, inda ake fitar da zogale da tumatir da tattasai da alkama, daga ƙarƙashin ƙasa ake jawo ruwan, kuma kuɗin jawo shi ne ke cinye ribar manomi. Ka shiga kasuwa ka ga yadda ake sayar da faifan hasken rana da famfuna kamar ana sayar da buta. Manomi zai sayar da sa ya saya, ba wanda ya auna masa zurfin rijiyarsa, ba wanda ya lissafa masa ruwan da fangalinsa ke sha a yini, sai famfo ya ƙone a wata na uku, ko ya riƙa tsiyayar da abin da bai isa komai ba. Ana haƙa foraji inda bai kamata ba. Ana malala ruwa a ƙasa mai yashi, rabi ya nutse kafin ya kai ga shuka. Waɗannan abubuwa kai a aji aka koya maka su. A Monpeliye, in ka ajiye aiki yau, kafin mako ya zagayo sun samu wani mai takarda irin taka. A kwarin Gulbi ba haka ba ne.

Akwai kuma bashi. Bursun da ka ci karatu da shi ba daga sama ya faɗo ba. Daga aljihun mutanen da yawancinsu ba su taɓa zama a aji ba ya fito. Ba na faɗin wannan don in ɗaure ka, amma kai ka kawo maganar kunya, kuma ina ganin kunyar nan alama ce ta lafiyar zuciya.

Kada kuma ka ɗauka shekara biyun da za ka yi aiki a can cin amana ne. Ka dubi Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa. A Tasawa aka haife shi a 1929, nan jiharmu. Ya yi karatun kimiyya a Faransa, ya koyar a Dakar da Konakiri, ya je Tarayyar Sobiyet ya zurfafa a ilimin hasken rana, ya kafa ɗakin bincike a Bamako. Sai a 1969, yana da shekara 40, ya dawo ya riƙe ONERSOL, ofishin makamashin hasken rana, har zuwa 1985, a tsakani kuma ya shugabanci jami'a. Duk yawon nan da ya yi fuskarsa tana kallon gida, kuma da ya dawo ya san abin da ya zo yi. Abin da nake so ka ɗauka daga gare shi ke nan. Ka daina cewa za ka yi wa ƙasa aiki haka a dunƙule. Ka iya gaya mini wane gari, waɗanne manoma, wace matsala, kuma wa zai biya ka.

Tun da muna maganar manoma, ga wani gargaɗi da na fi damuwa da shi a kan na kuɗi. Yawancin waɗanda suka dawo suka kasa, ba rashin jari ya kayar da su ba, raina mutane ne. Ka san labarin sassabin zamani. Shekara da shekaru ana dasa itatuwan da aka rena a gandu, ana kashe kuɗi, yawancinsu suna mutuwa. A farkon shekarun 1980, wani masanin noma ɗan Ostareliya da ke aiki a nan Maraɗi, Tony Rinaudo, ya lura cewa kututturan da ake sassabewa kowace bazara saiwarsu tana da rai. In aka bar reshe biyu ko uku aka kula da su, itace zai tashi. Ba injin, ba taki, wuƙa kawai da haƙuri. Manoma ne suka karɓi abin suka yaɗa shi daga gona zuwa gona, a Ɗan Saga ta ƙasar Agye har kwamitocin tsaron itace suka kafa. Yau ana ƙiyasta kadada miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a jihohin Maraɗi da Damagaram. Haka buhun PICS na adana wake mai riɓi uku, wanda masu bincike na jami'ar Purdue ta Amurka da na INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasa, a Tarna suka gwada suka yaɗa tun daga 2007: leda biyu a ciki, buhu a waje, a ɗaure tamau, ƙwari su mutu don rashin iska, wake ya kai lokacin tsada ba tare da an zuba masa guba ba. Abubuwan da suka kama a ƙasar nan su ne waɗanda talaka ke iya saye, ke iya gyarawa, ke iya nuna wa maƙwabcinsa. In ka dawo, ka ba kanka rani ɗaya cikakke kana bin masu lambu kana tambaya. Tsohon da ya shekara talatin yana ban ruwa a Jiratawa ya san abin da ba a rubuta a littafinka ba, kai ma ka san abin da bai sani ba. Ka cire takalmi ka shiga fangali, ka yi musu magana da Hausar da Inna ta koya maka. In kana cusa faransanci a kowace jimla, za su ce maka "to, mushe", ka juya baya su ci gaba da yadda suka saba.

Yanzu shekara biyun. A wurin aiki, kada ka yarda a ajiye ka gaban kwamfuta kawai. Ka nemi fita fili, ka koyi haɗa famfo da hannunka, da gyaransa, da yadda ake lissafa wa mai aiki farashi, da yadda kamfani ke riƙe littafin shiga da fita. Mu nan ba masu zane muka rasa ba, masu iya tsayawa a kan aiki har ya kammala muka rasa. Albashin kuma ka raba shi tun daga watan farko. Kason gida ya zama sananne, adadi ɗaya kowane wata, kowa ya san shi. Kason jari kuma ya zauna a asusun da ba biki ba suna da zai taɓa shi. In ba ka yi haka ba, duk abin da ka samu zai bi ta waya ya narke, ka cika shekara biyu ba ka da ko kuɗin famfo ɗaya. Za a ce ka yi rowa. Ka haƙura da wannan suna na ɗan lokaci.

Takardu ma ka fara tun kana can. Ka tura wa wani amintacce kofin diflominka ya kai OBEECS, ofishin daidaita takardun karatu, a Yamai a yi maka daidaiton takarda, don in ba ita ko konkur ba za ka shiga ba, ko koyarwa a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo. Ka rubuta wa malamanka na tsangayar noma, ka gaya musu abin da ka karanta da lokacin da za ka dawo. Ƴan awoyin koyarwa ba za su sa ka yi arziki ba, amma suna riƙe mutum a shekarar farko, kuma suna haɗa shi da ɗalibai masu neman aikin hannu. Ka nemi mutanen zauren manoma na jiha, su ne suka san ƙungiyoyin masu lambu da ke aiki da gaske da waɗanda suke a takarda kawai. Rajistar kamfani da lambar haraji ta NIF ba su da wuya, kana iya barinsu sai ka sauka.

Maganar fili kuwa, a nan ne na ga ƴan waje da yawa sun yi kuka. Kada ka aiko kuɗi a saya maka gona kana Faransa, ko da wa za ka aika wa. Gonar da ba ka taka ba, ba ka san magadanta ba, ba ka ga takardar kwamitin filaye ba tun daga na gari har na kwamin, rigima ka saya. Ni ma ba na ba ka shawarar ka fara da babbar gona. Ka fara da sayar da iliminka: auna rijiya, zaɓa wa manomi famfon da ya dace da ita, shimfiɗa bututu, gyara in ya lalace, da yaro biyu ko uku da ka horar. Jarinsa kaɗan ne, kuma kowane lambu da ya yi kyau talla ne. Alhazan garin nan suna da kuɗi, da yawansu suna da lambuna a bakin Gulbi da ba sa ba su komai. Ba za su saurari takardarka ba, amma in suka ga lambun maƙwabci ya yi kore a watan Afrilu da rabin kuɗin man da suke ƙonawa, da kansu za su aiko a kira ka. Kasuwa kuma tana nan. Katsina ba ta kai kilomita 100 daga nan ba, ga layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021. Sai dai ka tuna Najeriya ta rufe iyaka a 2019, an sake rufe ta a 2023, don haka kada ka gina sana'ar da ranar da aka sa shinge a iyakar Ɗan Isa ita ma ta mutu. Sannan ka yi hankali da inda za ka riƙa shiga. Waɗansu garuruwan bakin iyaka a ƙasar Madarunfa da Gidan Rumji suna fama da ɓarayin daji masu satar mutane, kuma wanda aka ji ya dawo daga Turai ana ganin kuɗi a goshinsa. Ka rage nuna kai, ka riƙa tambayar masu gari kafin ka kama hanya.

Abin da nake tsoro a shawarar nan tawa shi ne shekara biyu ta zama ashirin. Na san mutanen da suka tafi da niyya irin taka, yau jikokinsu ba sa jin Hausa. Ba rana ɗaya suka yanke shawarar zama ba. Bashin mota ne, sai bashin gida, sai "bari in samu takardar zama ta dindindin tukuna", sai yara suka shiga lakwal. Saboda haka kada ka ci bashin komai a can, ko na waya. Ka zauna a ƙaramin ɗaki kamar ɗalibi. Ranar dawowa kuma kada ta zauna a zuciyarka kai kaɗai: ka faɗe ta a gaban mahaifinka da Inna da Yaya da kawunka guda da kake jin nauyinsa, wata kaza na shekara kaza. Mutum yana iya karya alkawarin da ya yi wa kansa ba wanda ya sani, amma wanda ya yi gaban iyaye yana da wuyar karyawa.

Sai yarinyar mutane. A wasiƙarka layi ɗaya ka ba ta, ita kuwa shekara biyu ta ba ka. A garin nan ka san abin da budurwa ke sha in ƙawayenta duk sun tare ita tana gida: habaici a wurin biki, tambayar gwaggo, masu zuwa neman aure ana mayar da su. Ba ka da ikon ƙara mata shekara biyu ba tare da ka tambaye ta ba. Ka kira ta, ita da kanta, ba ta bakin ƙanwarka ba. Ka gaya mata gaskiya duka: wa'adin, da cewa kai ta Faransa a halin da ake ciki abu ne mai wuya, da cewa in ka dawo shekarar farko ba za ta zama ta jin daɗi ba. In ta yarda, ni ina ganin a ɗaura auren, ko ka zo hutu in takardunka sun ba ka damar fita da komawa, ko ta hannun wakili, ka riƙa ɗaukar nauyinta a matsayin matarka, iyayenta su samu natsuwa. In kuma ta ce ba za ta iya jira ba, ka sake ta da mutunci, kada ka bari danginka su yi mata gori ko su tsaya lissafin kayan da aka kai.

Mahaifinka kuwa ya fi duk wannan lissafi. Ka ce ya tsufa, ba ka ce yana ciwo ba, shi ya sa na yi maganar shekara biyu. Ka sa Yaya ya kai shi a duba hawan jini da sukari da ido, da kuɗinka, ka kuma roƙe shi kada ya ɓoye maka komai don gudun ka taho. Mun san halinmu, a ce wa na nesa "jiki da sauƙi" har sai an yi jana'iza. In likita ya ce jikin ya yi nauyi, ka ajiye duk abin da na tsara maka ka shigo jirgi. Aiki ana samun wani. Inna kuma, kukanta ba na kuɗi ba ne. Rashin sanin ranar ne ke cin ta. Uwar da aka ce mata "bayan sallar layya ta shekara kaza" tana iya ƙirga watanni ta yi barci; wadda ake ce wa "in Allah ya yarda, nan gaba" ba ta iyawa.

A makon nan, kafin ka ba kamfanin amsa, ka yi istihara, sannan ka kira Yaya shi kaɗai, lokacin da ya taso daga lakwal ba kowa kusa da shi. Kada ka fara da maganar kishin ƙasa. Ka fara da yi masa godiya a kan gidan da ya riƙe kana karatu. Ka tambaye shi nawa gidan ke ci a wata, hatsi da cefane da lakwal da magani, ku rubuta tare. Ka gaya masa adadin da za ka riƙa aikowa, da adadin da za ka riƙa ajiyewa, da ranar da za ka dawo. Sannan ka tambaye shi wane ne cikin ƙannenku yake da hannu da natsuwa, a sa shi koyon aikin famfo da lantarki tun yanzu a kan kuɗinka, don ranar da ka sauka ka tarar da mataimaki na farko a cikin gida. In kun gama, ku shiga wurin tsoho tare, shi a zaune gabansa, kai a waya.

Allah ya yi maka jagora, ya dawo mana da kai lafiya. Ka rubuto mini abin da kuka yanke da Yaya.